Magajiya a Garuruwan Auduga: Funtuwa da Malumfashi Tsakanin 1918 da 1939

1.0 Gabatarwa

Kalmar magajiya, wadda tushenta gado ne, ma'ana biyu gare ta. A fada, sarauta ce ta mace 'yar gidan mulki, kamar yadda aka san ta a Daura. A cikin gari kuwa, magajiya ita ce shugabar mata masu zaman kansu. Ta biyun ce za a duba a wannan maƙala, domin ba a cika sa ta cikin tarihi ba, ko da yake gidanta ne matattarar baƙi a zamanin.

2.0 Auduga da baƙi

Layin dogo na Zariya zuwa Ƙaura Namoda, wanda aka kammala a 1929, ya bi ta Funtuwa. Kamfanin auduga na B.C.G.A. ya kafa injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi. Saboda haka da kaka ta yi, sai fatake da dillalai da akawuna da 'yan ƙwadago su cika gari, kuɗi a hannu, iyali a nesa. Ga shi kuma al'ada ba ta yarda baƙo ya wuce zaure a gidan matan aure ba. Wannan giɓi shi ne magajiya ta cike.

3.0 Aikinta da adonta

Da yardar mai gari take riƙe da matsayinta. Ita ke sauke baƙuwa, ta sasanta rikici, ta tara harajin matan da ke ƙarƙashinta, ta kira makaɗa in za a yi ajo ko wasan bori. Goro da tuwo da turare su ne jarinta, kyauta ga maroƙa kuwa ita ke kai sunanta wani gari. A jikinta matan gari ke fara ganin sabuwar atamfar kanti, tare da murjani da mundayen azurfa da ta saba. Littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta buga a 1954, ya nuna irin wannan rayuwa a ƙasar Zazzau, maƙwabciyar yankin.

4.0 Raunin matsayin

Duk da haka, daraja ce marar tabbas. Faɗuwar farashin auduga bayan 1929 ta rage kuɗin baƙi. Haka kuma, in ruwa ya ɗauke da damina, akan ɗora wa matan laifi, a ce su yi aure ko su bar gari. Wanda ya ci tuwonta jiya ba lalle ne ya tsaya mata yau ba.

5.0 Kammalawa

Gwanintar tara jama'a ba ta ɓace ba, domin a shekarun 1950 jam'iyyun NEPU da NPC sun nemi magajiyoyi wajen haɗa kan mata. Ke nan mai nazarin tarihin garuruwan auduga, in ya tsaya kan hakimi da kamfani kawai, rabin gari ya gani.