Wane Madubin Hangen Taurari Ya Fi?

'Yan'uwana ɗalibai, duk wanda ya taɓa leƙa wata ta madubin hangen nesa, ya ga ramuka da duwatsun da ke kansa, zai so ya mallaki nasa. To amma kafin mutum ya zuba kuɗinsa, ya kamata ya san iri-irinsu.

Na farko yana tara haske da gilashi a bakin bututu, kamar na tabarau. Da irinsa Galileo ya hango watanni huɗu na Jupita a 1610. A rufe yake, ƙura ba ta shiga cikinsa. Aibinsa shi ne mai araha yakan yi wa abu mai haske, kamar Zara, zobe shuɗi-shuɗi, babba kuwa tsada gare shi.

Na biyu Isaac Newton ya ƙera shi a 1668. Madubi ne mai zurfi kamar akushi a gindin bututu, yana mayar da haske ga wani ƙarami, shi kuma ya kai wa ido. Da kuɗi kaɗan ana samun babba. Sai dai bakinsa a buɗe yake, ƙurar hunturu takan zauna a kan madubin, kuma sai an riƙa daidaita shi.

Faɗin baki shi ne abin dubawa. Mai milimita 150 yana tara haske fiye da ninki shida na mai milimita 60. Idan kuka ga an rubuta a kwalin ƙaramin cewa yana girmama abu sau 500, romon baka ne; iyakarsa wajen sau 120.

Sai mazauni. Akwai wanda ke bin tafiyar taurari, amma sai an saita shi da tauraron arewa, wanda a Jos bai fi digiri 10 daga ƙasa ba. Dutse ko bishiya sukan tare shi. Ni dai na fi son irin na John Dobson ɗan Amurka: akwatin katako ne mai juyawa, kafinta ma zai iya haɗa shi.

A wajen saye, ku ɗan ƙwanƙwasa bututun kuna leƙawa. In hoton ya daɗe yana rawa, ƙafafun ba su da ƙarko, ku bar shi. Kada kuma ku kuskura ku dubi rana da kowannensu, gama nan take za ta makantar da ido.