Arthur Holmes da Shekarun Duniya

A farkon ƙarni na 20 masana ilmin duwatsu sun kasance cikin tsaka mai wuya. Lord Kelvin, mashahurin masanin kimiyya, ya ƙiyasta cewa shekarun duniya ba su wuce miliyan 40 ba, alhali kuwa alamun da ke jikin duwatsu suna nuna ta daɗe fiye da haka nesa ba kusa ba. Wanda ya buɗe hanyar warware wannan taƙaddama shi ne Arthur Holmes, wanda aka haifa a arewacin Ingila a 1890, ya kuma yi karatu a Kwalejin Imperial da ke Landan.

Dabarar da ya bi ita ce: ma'adinin yuraniyom yakan rikiɗa ya zama darma sannu a hankali, bisa wani ƙa'idajjen lokaci da zafi ko sanyi ba sa canzawa. Saboda haka in aka auna yawan kowannensu a cikin dutse, sai a san shekarunsa. A 1911 Holmes ya auna wani dutse na ƙasar Norwe, ya sami shekara miliyan 370. A 1913 ya wallafa littafi inda ya nuna akwai duwatsun da suka kai shekara miliyan 1,600.

Albashin malanta bai wadace shi ba, don haka a 1920 ya tafi Bama aikin wani kamfanin mai. Kamfanin ya karye, ɗansa ƙarami ya rasu a can, ya komo gida hannu rabbana. Sai a 1924 Jami'ar Durham ta ba shi shugabancin sashen ilmin duwatsu, a 1943 kuma ya koma Jami'ar Edinbara a matsayin farfesa.

A Durham ne ya goyi bayan ra'ayin Alfred Wegener cewa nahiyoyi suna motsi, kuma a da Afirka da Amurka ta Kudu a haɗe suke. Yawancin masana sun yi watsi da ra'ayin don ba su ga ƙarfin da zai ture nahiya ba. Holmes ya ce zafin cikin ƙasa ne yake juya duwatsun can ƙasa, kamar yadda kunu yake juyawa a tukunya, su kuma su ja nahiyoyin da ke bisansu. Binciken ƙarƙashin teku bayan 1960 ya ƙarfafa wannan bayani.

Holmes ya rasu a 1965. Da ma'aunin yuraniyom da darma aka tabbatar cewa shekarun duniya sun kai wajen miliyan 4,550, kuma har yau da shi ake auna tsofaffin duwatsu.