Komawar Basukur Hanyar Burji

Duk wanda ya saba fitowa sallar asuba a unguwar Hausawa ta titin Owerri, cikin garin Inugu, sa'an nan ya zauna a bencin mai shayi yana jiran gari ya ƙarasa wayewa, lalle a 'yan shekarun nan ya ga wani al'amari da ba a san shi a da ba, wato ayarin mahaya basukur da kan wuce ranar Asabar, kowa da hular kwano da matsattsun tufafi, sun doshi hawan Milliken, wanda ke murɗewa kamar maciji har ya kai mutum Ngwo, inda kwalta ke ƙarewa, hanyar burji ta kutsa cikin dajin nan na dogayen itatuwa da aka dasa sahu sahu. Ran da na fara ganinsu ina tare da wani tsoho mai faci, mutumin Haɗeja, wanda ya bi su da kallo har suka ɓace, kana ya ce mini, "Malam, wai waɗannan me suka ɗauko?" Na ce, "Baba, ba su ɗauko kome ba." Ya girgiza kai ya ce, "To, wahalar ta mece ce?"

Tambayar tsohon nan ita ce asalin wannan nazari, domin a ƙasar Ibo basukur bai shigo don wasa ba. Tun bayan da aka gano kwal a tuddan Udi cikin 1909, aka kafa Fatakwal don fitar da shi, reluwe ya haɗa garuruwan biyu a 1916, fatauci ya buɗe, har ya zamana a shekarun 1930 da 1940 basukur ne jakin wannan ƙasa wadda ƙudan tsando ya hana jaki zama cikinta, a kansa ake ɗaura garewanin manja daga ƙauyuka, a bi da su ta turbar daji zuwa inda kamfanonin Turawa ke awo. Iyayenmu da suka sauko da shanu suka koma da goro sun tarar da wannan hali, kuma Raleigh, wanda daga baya aka riƙa haɗa shi a Kano, ya zama abin alfahari ga Bahaushe da Ibo baki ɗaya. Amma da kuɗin mai suka zo a shekarun 1970, babur ya kori basukur, hawansa ya koma alamar talauci, ta yadda ko a 2001, sa'ad da ministan sufuri Ojo Maduekwe ya yi ta kiran jama'a su koma kansa, ba abin da ya samu face dariya, musamman bayan da mota ta ture shi cikin kwata a Abuja.

To, me ya dawo da shi? Sababi na farko, a ganina, daga likita ya fito, domin ma'aikacin banki ko ɗan kasuwan da ya yi shekara ashirin tsakanin kujera da mota, in an ce masa jininsa ya hau ko sukari ya kama shi, ya fi son motsa jikin da zai yi cikin jama'a bisa wanda zai yi shi kaɗai. Na biyu kwaikwayo ne, gama tseren hanyar tsakuwa, wanda ya yi suna a jihar Kansas ta Amurka tun daga 2006, har hukumar tseren keke ta duniya ta shirya masa gasarsa ta farko a Italiya cikin 2022, yana shigowa ta wayar kowa, kuma abin da Bature ya maida ado ba ya daɗewa bai sami mabiya a nan ba. Na uku kuwa, wanda na fi ba shi ƙarfi, tsoron titi ne: wanda ya taɓa ganin yadda tirela ke gangarowa daga mahaɗar 9th Mile ba ya bukatar a yi masa bayanin dalilin da ya sa mai basukur ke gudun kwalta ya nemi burji.

Sai dai akwai wata komawar ta biyu wadda ba ta da hular kwano, kuma ita ce ta shafi mutanenmu kai tsaye. An hana acaɓa a Fatakwal zamanin gwamna Amaechi, aka hana a Inugu cikin 2012, aka hana a Anaca cikin 2018, alhali kuwa da yawa daga samarin Arewa da ita suke ci. Sa'an nan ranar 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta doshi 1,000 kafin ƙarshen 2024. Wannan kam larura ce tsagwaronta, kuma malamai sun daɗe da bayyana cewa larura kan sauƙaƙa abin da a da ake ƙyama. Mai sayar da albasa da mai kai nama daga kasuwar Gariki sun kakkaɓe tsohon basukur sun ɗaura masa kwando. A Anaca, inda cunkoso a bakin gada bai bar wa kowa filin nishaɗi ba, irin wannan ne kusan kaɗai ake gani, Fatakwal kuma, ko da yake shimfiɗaɗɗiya ce, yawan ruwan sama da baƙin tokar da ta addabe ta tun 2016 sun rage wa hawan armashi.

Fa'idar da masu hawan nishaɗi suka jawo wa masu hawan larura, ba tare da sun nufa ba, ita ce sun wanke wa basukur kunya, domin yaron da a da yake jin nauyin a gan shi yana tuƙa feda, yanzu ya ga mai gidan bene yana yi da gumi. Tsohon nan mai faci shi ma ya sami rabonsa, ko da yake da farko ya tsaya yana juya wani basukur mai giya barkatai da birki irin na babur, wanda ya ɗaga da yatsa biyu don rashin nauyi, ya rantse ba zai sa masa guduma ba sai mai shi yana tsaye. Mafsadar kuwa ita ce tsada, gama 'yan gwanjo, da suka lura akwai masu biya ba ciniki, sun ɗaga farashin har ga wanda kwando kawai zai ɗaura.

Amma abin da ya fi damuna ba kuɗi ba ne. Daji a yau ba ɗaya yake ga kowa ba, domin tun da rikicin manoma da makiyaya da satar mutane suka gurɓata zukata, aka kuma shiga zaman gida na ranar Litinin daga Agustan 2021, baƙon da kamanninsa suka nuna Arewa, in an gan shi a turbar ƙauye, zato ne ke riga shi isa, a kewayen Inugu, garin da Malam Umaru Altine, Bafulatani daga ƙasar Sakkwato, ya taɓa zama magajinsa na farko ta hanyar zaɓe a shekarun 1950. Wani ɗan ƙanena, haifaffen Inugu, wanda ya fi ni jin Ibo nesa ba kusa ba, ya tara kuɗi ya sayi basukur na gwanjo ya shiga ayarin, kuma sun karɓe shi hannu biyu; amma ran da tayarsa ta yi faci ya rage a baya, 'yan sintirin wani ƙauye suka tsare shi suna tambayar wanda ya aiko shi leƙen hanya, bai kuɓuta ba sai da abokan hawansa suka juyo suka tsaya masa. Har yanzu yana fita kowace Asabar, sai dai uwarsa ta gindaya masa sharaɗi biyu: kada ya zama na ƙarshe a sahu, kuma ya riƙa tafiya da tayar ciki guda biyu a aljihu.