Yadda Za a Shirya Tseren Keke a Ƙauye

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kekunan da aka jingine a bayan rumbu sun sake fitowa. Manomi da yawa a ƙasar Burumburum da Tudun Wada ya ajiye babur, ya koma ɗaura buhun taki a kariyar keke. Samari kuwa, da zarar biyu sun haɗu a hanyar gona sai tsere. Shi ya sa wasu shugabannin ƙungiyoyin gama kai suka tambaye mu ko za a iya shirya musu tsere na sosai bayan kaka, ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba. Za a iya. Amma a tuna keke jarin manomi ne. Tseren da zai bar mutum da karyayyen keke, ko karyayyar ƙafa, ana gab da noman rani, gara ba a yi shi ba.

Wasan da Turawa ke kira tseren keken dutse, watau tsere a kan tudu da gangare da hanyar da ba kwalta, bai fara da manyan kaya ba. A ranar 21 ga Oktoba 1976 wasu samari a kusa da garin Fairfax, cikin Jihar Kalifoniya ta Amurka, suka ɗauki tsofaffin kekuna masu nauyi suka yi tseren gangarowa daga wani dutse, tafiyar mil 2 ko ɗoriya kaɗan. Saboda tsananin gangaren, giris ɗin birkinsu yakan ƙone, sai an sake cusa wani bayan tsere, har wannan ya zama sunan tseren, Repack. Shekara 20 bayan haka, a 1996, wasan ya shiga gasar Olamfik a Atlanta. Abin da ya kamata mu ɗauka daga wurinsu dabara ɗaya ce: ba sa tashi gaba ɗaya. Ɗaya-ɗaya ake sakinsu, tsakanin kowane biyu minti 2, agogo ne ke raba gardama.

Wannan dabara ta dace da mu ƙwarai, domin hanyoyin gonakinmu ƙanana ne, wani wuri mutum biyu ba sa iya jerawa. In aka saki samari 30 lokaci guda, a kwanar farko za a yi karo, kuma wanda ya faɗi zai ce ture shi aka yi. Daga nan sai magana ta koma tsakanin ƙauye da ƙauye. In kuwa ɗaya-ɗaya ne, kowa da hanyarsa yake kokawa. Ga yadda lissafin yake. A ba kowa lamba a kwali, a liƙa masa a gaban riga. Mai lamba 1 ya tashi ƙarfe 8:00, mai lamba 2 ƙarfe 8:02, haka har a gama. Mai lamba 5 zai tashi 8:08. In ya dawo 8:31, ya yi minti 23 ke nan. Wanda mintocinsa suka fi kaɗan shi ya ci, ko da shi ne ya iso a ƙarshe. Sai a bayyana wa jama'a wannan tun da farko, don kada su ɗaga wanda ya fara isowa su yi ta guɗa. A zaɓi hanya mai zagayowa, wurin tashi ya zama shi ne wurin isowa, don agogo ɗaya ya isa. Masu rubutu su zama biyu, daga ƙauyuka daban-daban, kowa da littafinsa.

Wajen zaɓen hanya, kilomita 6 zuwa 8 sun isa wa manya, yara kuwa rabin haka. Ƙasarmu ba ta rasa tudu da kwari da rafi, balle in an nufi Doguwa da duwatsun Riruwai, saboda haka ba sai an nemi wuri mai haɗari ba. Kada hanyar ta taɓa kwaltar da ta tashi daga Kano zuwa Jos, ko da tsallakawa ce, saboda manyan motoci. Kada kuma a shiga dajin Falgore. Gandun gwamnati ne, ba wurin wasan yara ba. 'Yan kwamiti su bi hanyar da ƙafa, su sake binta a kan keke. Inda akwai gangare mai tsanani da kwana a ƙarshensa, a canza. Inda akwai rairayi ko ƙoramar da ta bushe, a bari. Mutum ya sauka ya tura, ba abin kunya ba ne. A yi alama da toka a ƙasa, a tsayar da mutum a kowace mararraba.

Kafin wannan duka, a je wurin mai unguwa da dagaci a nemi izini, a kuma sanar da 'yan sanda. Duk gonar da hanya ta bi ta gefenta, a gaya wa mai ita. Bayan girbi shanu suna cikin gonaki suna cin kara, saboda haka a aika wa ardo tun da sauran mako guda, a faɗa masa rana da lokaci da inda hanya ta ratsa burtali. Watan Disamba ko Janairu ya fi, amfani ya shiga rumbu, zafi bai zo ba. A kauce wa ranar kasuwa, da Juma'a, da Lahadi, da lokacin azumi, domin a gayyaci dukan samarin gari, ba 'ya'yan ƙungiya kaɗai ba.

Sai batun kekunan. Yawancinmu irin Raleigh da Phoenix muke da su, masu birkin ƙarfe, waɗanda aka yi don ɗaukar kaya. Wasu samari kuma sun sayi na gwanjo masu giya da faffaɗar taya. Haɗa su aji ɗaya ba adalci ba ne. A raba gida biyu. A ɗauko mai gyaran keke na gari ya zauna a wurin tashi, ya duba birkin gaba da na baya, da sarƙa, da feda, da ƙusar da ta riƙe kan keke. Mun san al'adar tsayar da keke da silifa a kan taya. Keken da ba shi da birki biyu masu kamawa ba zai shiga ba, ko na ɗan shugaban ƙungiya ne. Wanda ya aro keke, mai keken ya zo da bakinsa ya ce ya yarda, kuma a daidaita wa zai biya in ya lalace. Yaro sai da yardar iyayensa. Mai hular kwano ya sa, kowa kuma ya sa takalmi rufaffe.

A roƙi malamin asibiti na kusa ya zo da kayan ɗaure rauni, a tanadi babur ɗaya da mai a cikinsa, da randar ruwan sha a wurin isowa. Wani babur ya bi bayan mai lambar ƙarshe, kuma kada a raba kyauta sai an ƙirga kowa ya dawo.

Kuɗin shiga ya zama kaɗan, wanda ba shi da kuɗi ya kawo mudun masara ko shinkafa. Mu a ganinmu kada a ba da kyautar kuɗi, domin kuɗi na jawo caca da rigima. A ba da taya, ko tiyub, ko sarƙa, ko famfo. Ma'aji ya karanta abin da aka tara da abin da aka kashe a gaban jama'a ranar nan, ragowar a sayi robar birki da kayan faci a ajiye a shagon ƙungiya.