Mazugin da mayen ƙarfe ke dawo da shi

Wanda ya taɓa zama a maƙera, a Magarya ko a Dungas, ya san aikin mazugi. Ba ya shiga cikin hauyar da ake ƙerawa, amma in babu shi ƙarfe ba ya laushi. Haka yake a wurin masu ilimin haɗa sinadarai. Suna da nasu mazugan, watau abubuwan da ke gaggauta haɗuwar sinadarai, su kuwa ba su ƙarewa.

A shekara ta 1897, a birnin Tuluz na Faransa, Sabatier da Senderens suka nuna garin ƙarfen nikel yana wannan aiki. Da irinsa ne masana'antu ke daskarar da mai, har da irin man gyaɗarmu, ya zama margarin. Wani ƙarfen kuma, faladiyom, da shi ake haɗa losartan, maganin hawan jini. Amma faladiyom yana da tsada ƙwarai, yawancinsa daga Rasha da Afirka ta Kudu yake fitowa.

To, ga inda gizo ke saƙa. Uwargida in ta jefa kanwa cikin wake, ta tafi ke nan. Mai haɗa magani kuwa tilas ya fid da mazuginsa, domin in ya bar shi ya yi hasarar kuɗi, kuma ya gurɓata maganin. Tacewa tana cin lokaci, wani kuma ya zube.

Dabarar da masana suka samo ita ce: a ɗauki ƙwayoyin baƙin ƙarfe, irin wanda mayen ƙarfe ke tsinta cikin rairayi, amma ƙanana har ido ba ya ganinsu. A lulluɓe su da folima, dangin roba, sannan a liƙa faladiyom a jikinta. Ɗaure sinadari ga ƙwayar folima kuwa, Merrifield na Amurka ya buɗe hanyarsa a 1963. In aiki ya ƙare, sai a kara mayen ƙarfe a jikin kwalba. Ƙwayoyin su taru gefe guda, a tsiyaye ruwan, a wanke su, a sake aiki da su.

Da sauran gyara, domin kowane zagaye ƙarfen yakan ɗan zube, shi ya sa yawancin aikin yana ɗakunan bincike. Amma abin ya shafe mu. Tsadar da aka rage a masana'anta tana iya sauƙaƙa wa mai sayen magani a Magarya.