Hasashen Bazara da Faɗuwar Damina a Dutsin-Ma da Kurfi

Bazara ita ce tsakanin ƙarshen hunturu da faɗuwar damina, kuma a tsakiyar Jihar Katsina tana kamawa ne daga watan Maris, ta ratsa Afrilu, ta shiga Mayu. A Dutsin-Ma da Kurfi, waɗanda ke kan hanya ɗaya kudu da birnin Katsina, wannan ne lokacin da zafi ke kai maƙura, rijiyoyi su ja baya, makiyaya su riƙa yin nisa wajen neman ciyawa, manoma kuma su duƙufa ga sharar gona da kai taki. Duk wani hasashen yanayi da ya shafi wannan lokaci yana ƙoƙarin amsa tambayoyi biyu ne: yaya zafin zai kasance, kuma yaushe ruwan shuka zai sauka. Ta biyun ta fi nauyi, domin a kanta abincin shekara ya rataya.

Abin da ke juya yanayin ƙasar Hausa iskoki biyu ne. Ɗaya busasshiya ce, tana tasowa daga arewa maso gabas ta ratso Sahara, ita ce ke kawo hazo da sanyin hunturu. Ɗayar mai laima ce, tana tasowa daga Tekun Atilantika ta kudu maso yamma. Inda suka haɗu akwai wata iyaka da ido ba ya gani, tana hawa arewa tana saukowa kudu bisa tafiyar rana. A watan Janairu iyakar tana can kusa da gaɓar teku. Daga nan take hawowa a hankali, shi ya sa Legas da Fatakwal ke samun ruwa tun Maris, Abuja ta samu a Afrilu, Zariya a Mayu, Katsina kuwa sai ta jira. Wucewar iyakar ta kan gari ba shi ne zuwan ruwa ba. Iska mai laimar takan iso da farko siririya, kamar shimfiɗa a ƙasa, busasshiyar na bisanta, sai ta yi kauri sosai kafin hadari ya iya haɗuwa ya zubar. Wannan ne dalilin gumin da ake sha a ƙarshen Afrilu da farkon Mayu: laima ta iso, ruwa bai iso ba.

Zafin bazara yana da nasa lissafin. Wajen ƙarshen Afrilu rana kan tsaya daidai tsakar ka a wannan yanki, har mutum ya ga inuwarsa ta taru a ƙarƙashin ƙafafunsa da tsakar rana. Babu gajimaren da zai tare ta, ƙasa kuma a bushe take, don haka ma'aunin zafi kan kai 40 ko ya ɗara a ranaku da yawa. A wasu shekarun abin kan wuce misali, kamar Afrilun 2024, lokacin da zafi ya game yankin Sahel ana cikin azumi, har aka auna 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Wanda ya fi wahalar da jiki ma shi ne zafin dare, domin ɗakin kwano kan riƙe zafinsa har bayan isha'i, sai a fito da tabarma tsakar gida. Ƙura da bushewar iska da cunkoson ɗakin kwana su ne abokan tafiyar sanƙarau, kuma Katsina na cikin yankin da cutar ke yawan ɓulla. Annobar 1996 da ta 2017 duk a cikin rani da bazara suka yi ƙarfi, ruwa na sauka kuma sukan lafa. Masu kiwon kaji a kewayen Dutsin-Ma su ma suna da ruwa da tsaki a hasashen zafi, don kaza ba ta gumi, in keji ya ɗau zafi sai ta rage ci, ta rage ƙwai, wani lokaci ta mutu.

Hukumar da ke da alhakin yin hasashe a Najeriya ita ce Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, wato NiMet, wadda dokar 2003 ta kafa. Kowace shekara, a Janairu ko Fabrairu, tana fitar da hasashen shekara, ana kuma fassara taƙaitaccensa zuwa Hausa da wasu harsunan ƙasar. A ciki akan faɗi ranar da ake sa ran damina za ta faɗi a kowane yanki, da ranar ɗaukewarta, da tsawon kwanakinta, da yawan ruwan da ake tsammani, da wuraren da ake jin tsoron fari a tsakiyar damina, da kuma zafin watannin farko na shekara. Baya ga wannan akwai hasashen yankin Sahel baki ɗaya, wanda cibiyoyin AGRHYMET da ACMAD da ke Yamai ke haɗa masanan ƙasashe su fitar wajen ƙarshen Afrilu. AGRHYMET ɗin an kafa ta ne a 1974, bayan farin da ya addabi Sahel a farkon shekarun 1970, wanda har yau dattawan Katsina ke lissafin shekaru da shi. Hasashen Yamai ya fi kusa da damina, saboda haka yakan zo da gyara a kan abin da aka faɗa tun Fabrairu.

Mai tambaya zai ce, ta yaya mutum a Fabrairu zai san ruwan Yuni? Ba ruwan wata rana takamaimai ake hangowa ba. Abin da ake dubawa shi ne ɗumin ruwan teku, domin teku ba ya saurin sauya hali, abin da ya ɗauka yakan riƙe shi wata da watanni. In ruwan Tekun Fasifik ta gabas ya yi ɗumi fiye da yadda aka saba, abin da ake kira El Nino, daminar Sahel takan yi rauni. In ya yi sanyi, wato La Nina, takan yi ƙarfi. Haka nan in ruwan Mashigin Gini ya yi ɗumi sosai, ruwan sama kan maƙale a kudu ya yi nawar hawowa. Ana haɗa waɗannan da bayanan ruwan shekaru masu yawa daga tashoshin awo, irin wadda ke filin jirgin saman Katsina, da lissafin kwamfuta, a fitar da abin da ya fi yiwuwa. Kalmar da ya kamata a riƙe ke nan, yiwuwa. In aka ce, a misali, kashi 45 cikin ɗari ruwa zai fi na kullum, kashi 35 zai zo daidai, kashi 20 zai gaza, to ba a yi wa kowa alkawarin damina mai albarka ba. An dai ce sikeli ya ɗan rinjaya gefe guda. Mai karanta labarai a rediyo yakan taƙaita duk wannan ya ce "za a samu ruwa mai yawa bana", kuma daga nan rashin fahimtar ke farawa.

Inda aka fi samun saɓani tsakanin takarda da gona shi ne ma'anar faɗuwar damina. Ruwan farko daban, ruwan shuka daban. A Dutsin-Ma da Kurfi ana iya samun ruwa mai ƙarfi a cikin Mayu, ƙasa ta yi ƙamshi, gari ya yi sanyi, a wayi gari kowa ya saɓa sungumi. Gero ya tsiro cikin kwana huɗu ko biyar, layi-layi. Sai sama ta washe. Mako guda, mako biyu, ba ko ɗigo. Ƙasar jigawa ba ta riƙe laima, iskar bazara kuma na kwaso yashi mai zafi tana watsa wa tsiron, sai ganyen ya nannaɗe ya ƙone. Iri ya tafi, kuɗin ƙwadago ya tafi, sai a sake shuka. Saboda wannan ne masana aikin gona ba sa ƙidaya ruwan farko. Wani ma'auni da aka tsara a cibiyar ICRISAT da ke Nijar a ƙarshen shekarun 1980, wanda aka daɗe ana aiki da shi a Sahel, ya ce damina ta faɗi ne in an tara milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma ba a samu fari na fiye da kwana bakwai a cikin kwana talatin da suka biyo baya ba. Milimita ɗaya na nufin lita ɗaya a kan faɗin mita ɗaya murabba'i, don haka milimita 20 a hekta guda ruwa ne da zai cika duro dubu. Manomi bai buƙatar wannan lissafi. Yakan tona ƙasa da hannu, in laima ta kai tsawon tafinsa ta haɗu da ta ƙasa, ya san an yi ruwan shuka. Abin da tafin hannu ba zai faɗa masa ba shi ne farin da ke tafe, kuma nan ne hasashe ke da abin cewa.

A wannan yanki, irin wannan tabbatacciyar damina takan kankama ne a cikin Yuni a mafi yawan shekaru, ta yi marka a Agusta, ta ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Kwanakin noman ke nan wata huɗu ko ƙasa da haka. In hasashe ya nuna jinkiri, manomin da ya saba da maiwa ko dawa mai daɗewa yana da dalilin karkata ga iri mai saurin nuna, kamar geron SOSAT da ke isa cikin kimanin wata uku, ko iren-iren wake da gyaɗa da dawa da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta fitar. Masu binne, wato shuka iri a busasshiyar ƙasa kafin ruwa, su ne suka fi kowa shiga caca: ruwa mai ƙarfi ya ba su gaba da mako guda, yayyafi kuwa ya ruɓar da irin a rami. Takin zamani ma haka ne, wanda aka zuba aka shiga fari ƙona shuka yake yi, wanda aka zuba gab da mamakon ruwa kuma kwari yake tafiya.

Hadarin farkon damina a nan daga gabas yake tasowa, ba daga inda laimar ta fito ba, domin iskar da ke can sama ce ke tura shi yamma. Yakan zo da la'asar ko cikin dare. Gabas ta yi ja, sannan ta yi baƙi, iska ta tsaya cik na ɗan lokaci, sai guguwa ta iso da ƙura tana gaba da ruwan. Wannan iska ce ke yaye kwano, ta karya turakun lantarki, ta tuge bishiyar darbejiya, kuma wani lokaci duk hayaniyar ta ƙare ba tare da an jiƙa ƙasa ba. Ruwan irin wannan hadari ba ya game ko'ina. Ana iya sheƙa shi a Kurfi a kwana a bushe a Dutsin-Ma, ko a jiƙa wani ƙauye a tsallake maƙwabcinsa. Hasashen shekara ba zai iya rabe wannan ba. Na kwana uku ko na mako, wanda NiMet ke fitarwa a kai a kai, shi ya fi kusa da iyawa, shi ma ba kullum ba.

Mutanen yankin ba su jira hukuma kafin su fara karanta sama ba. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma a kasuwar Dutsin-Ma, wadda ke ci ran Laraba, hirar bazara ba ta wuce alamun ruwa da farashin iri. Isowar shamuwa ta yi sheƙa a kan bishiyoyin gari alama ce sananniya, kuma tana da tushe, domin tsuntsuwar tana bin damina ne daga kudancin Afirka tana cin fara da ƙwari. Tsamiya ta yi toho, gawo kuma ya fara zubar da ganye, shi da ke yin kore da rani ya tuɓe da damina. Juyawar iska daga gabas zuwa yamma da dare ita ce dai isowar iskar teku da masana ke aunawa da na'ura. Malamai masu lissafin taurari suna da nasu ƙidayar. Waɗannan alamu suna nuna cewa lokaci ya yi, amma ba sa faɗin yawan ruwan ko tsawon farin da zai ratsa. In jinkiri ya yi yawa kuma, akan fita sallar roƙon ruwa a bayan gari.

Madatsar ruwa ta Zobe, da aka kammala a kan kogin Karaduwa a 1983 kudu da Dutsin-Ma, ta ƙara wa hasashen wani amfani. Masu noman rani da masunta da masu kula da ruwan sha duk suna duban yadda ruwan ke ja baya a bazara, kuma jinkirin damina na nufin ƙarin makonnin da za a ci gaba da ɗiba ba a mayar ba. In aka yi hasashen ruwa mai yawa kuwa, hankali kan koma kan ambaliya. Abin da ya faru a Jibiya a Yulin 2018, inda ruwan dare ɗaya ya ci rayuka da gidaje, ya nuna cewa ƙasar da ke kukan fari tana iya shan ruwa fiye da ƙima cikin sa'o'i kaɗan. Bazara ce lokacin yashe magudanan ruwa, da yaɓen katanga da soro, da ƙara wa kwano ƙusa.

Saura isar da labarin. Malaman gona na hukumar aikin gona ta jihar, wato KTARDA, ba su kai yawan ƙauyukan da ke buƙatarsu ba, kuma matsalar tsaro da ta taɓa Kurfi da Dutsin-Ma da maƙwabtansu Safana da Batsari a shekarun nan ta sa wasu gonakin nesa da gari ba sa nomuwa ko da ruwan ya zo a kan kari. Mafi yawan manoma ta rediyo suke jin hasashen, wasu ta WhatsApp, inda tsohon saƙo na bara kan sake yawo a matsayin na bana. Ranar da NiMet ke bayarwa ta faɗuwar damina tsakiyar zango ce, tana iya gaba ko baya da 'yan kwanaki, kuma ana sabunta hasashen yayin da damina ke matsowa, saboda haka na Mayu ya fi na Fabrairu ƙarfi wajen tsai da ranar shuka.