Zafin Bazara da Hantsar Saniya

'Yan'uwa masu kiwo, kowace shekara in bazara ta kama muna ganin madara tana raguwa a ƙwarya, mu ce ai rashin ciyawa ne. Gaskiya ne, amma ba shi ke nan ba.

A cikin hantsa akwai ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani. Su ne ke ɗibar ruwa da abinci daga jini su mai da su madara. Binciken Jami'ar Arizona a Amurka, na 2009 da 2010, ya nuna cewa rage cin abinci bai wuce rabin dalilin raguwar madara a lokacin zafi ba. Sauran kuwa zafin ne da kansa yake taɓa jikin saniya.

A 2011 masana a Jami'ar Florida suka gano cewa saniya mai ciki da aka daina tatsa, in ta sha zafi a makonnin ƙarshe, ƙwayoyin hantsarta ba sa yaɗuwa sosai. Bayan ta haihu sai madararta ta kasa ta wadda aka sanyaya wa jiki.

Akwai kuma wani sinadari mai suna sirotonin. An fi saninsa a hanji da ƙwaƙwalwa, amma a 2004 aka gano cewa maman dabba ma yana yin nasa. In madara ta taru ba a tatse ba, sai ya ƙaru, ya ba ƙwayoyin umarni su rage aiki. In abin ya daɗe, hantsa ta soma ƙafewa. Ashe zafi da jinkirin tatsa duk wuri guda suke duka.

Wannan ya fi shafar masu shanun Turai da ruwa-biyunsu, domin ba su da jimirin zafi kamar Bunaji.

To, me za mu yi? Mu kafa rumfa ko mu ɗaure su ƙarƙashin itace. Kada ruwan sha ya yanke, gama kusan kashi 87 cikin 100 na madara ruwa ne. Mu yi kiwo da sassafe da yamma, mu tatsa a kan lokaci. Kada kuma mu bar mai ciki a rana don ba ta ba mu kome yau. Madarar da yaranmu za su sha da damina, a inuwar bazara ake tanadinta.